Gwaggo Ta Ce Tana Maneji

Mun tashi da asuba daga Kpakungu, ni da yayata, ko shayi ban tsaya sha ba. Gwada muka nufa, wajen Gwaggo, ƙanwar babanmu mai sayar da sakwara a bakin kasuwar doya. Sati uku ke nan da ta taka ƙusa, ga shi tana da ciwon suga. Duk sanda Baba ya kira ta, amsarta ɗaya ce: "Ina maneji." Ni na gaji da jin haka, na ce a bar ni in je in gani da idona.

Maneji dai Turanci ne. A sakandare an ce mana ma'anarsa iya tafiyar da abu, wai daga nan aka samo manaja. To ku zo Minna ku ga aikin da muke sa shi. Mai keken da ya kai mu tasha ya cusa mana mace ta huɗu a baya, ya ce mu yi maneji. A tasha kuɗin mota ya ƙaru kan na bara. Da na yi magana, direba ya ce shi ma maneji yake yi da fetur. Gilashin motar a tsage, an liƙe da salatif, shi ma an ce maneji ne.

Muna wuce Maitumbi hanya ta fara halinta, rami nan rami can, kaina ya bugu da rufin mota sau biyu. Gonakin doya hagu da dama, matan Gwari sun ɗauko kaya a kafaɗa suna sauri kamar ba nauyi. A wani ƙauye muka sayi ƙosai, man suyar ya yi baƙi ƙirin don maimaici. Mai suyar ta ce a yi maneji. Yayata ta ci, ni na riƙe yunwata.

A Gwada doya tsibi-tsibi, kuma ta fi ta Minna araha nesa ba kusa ba. Wani Alhaji na tsaye ana loda masa babbar mota, direbanmu ya ce masa ya kasuwa, ya ce, "Muna dai maneji." Nan na gane matsalar. Mai mota cike da doya da mai ciwo duk kalma ɗaya suke faɗa, ta yaya za ka san wanda ke cikin wahala?

Mun tarar da Gwaggo a zaune tana zuba miya, ƙafar dama a ƙarƙashin tebur an naɗe da tsumma. Yayata ta durƙusa ta fara jero gaisuwa. Ni tsumman nake kallo.

"Gwaggo, kwance ƙafar nan."

"Ke ba a koya miki gaisuwa ba?"

"Ina kwana. Kwance."

Wari ne ya fara isowa. Babban yatsa ya yi baƙi, kumburi ya kai idon sawu. Ashe kafson magani take fasawa tana barbaɗa garin a kan ciwon. Ta ce yau kasuwa ce, a bari a tashi, kuma in ta tafi wa zai riƙe mata masu ciniki? Ban yi musu da ita ba. Na ɗauki hoton ƙafar na tura wa Baba. Ya kira nan take, ya ce ta shiga mota yanzu. Wata Banufiya maƙwabciyarta ta karɓe ludayin ta ce da irin Hausarta, "Ka tafi asibiti, ni zai sayar maka."

A dawowa kujerar baya gaba ɗaya muka biya don ta miƙe ƙafa. Muna shigowa Minna muka wuce asibiti. Likita ya duba ya ce yatsan sai dai a cire, amma ƙafar za ta tsira, da an ƙara sati ɗaya da maganar ta canza. Sai bayan la'asar na koma gida, yayata ta kwana da ita.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne. In naka ya ce maka yana maneji a waya, kada ka ce Allah ya ƙara sauƙi ka kashe. Shiga mota ka je ka gani. Har yau Gwaggo na gaya wa masu zuwa dubiya cewa ba ni da kunya, na tona mata asiri a tsakiyar kasuwa. Ta yi ta faɗa. Jiya da ƙafarta ta taka har ƙofar gida don ta nuna musu ni.