Yatsun Tanko Mai Goge

Ko tsufa ya cinye mini komai, ba zan manta da safiyar da aka kwaso mana mutanen gidan goge ba. Lokacin ina dirasa a ɗakin shan magani a Haɗeja, zamanin Turawa. Dirasa, don ku yaran yanzu, shi ne mai wanke ciwo da naɗe shi. Shugabana dispensa ne, Malam Ƙasimu, shi ke riƙe da makullin kabad ɗin magani. Likita kuwa sai ya zo rangadi daga Kano muke ganinsa.

Gidan gogen yana bayan kasuwar kifi, duk zana ce da jinka, da zaure mai lanƙwasa don kada na waje ya hango na ciki. Ana tsakiyar rawa fitila ta kife a jikin zana. Masunta da fatake suka cushe a zauren, da yawa a nan suka cika. Amma akwai wata 'yar ƙofa ta baya, ta manya, wadda talaka bai san da ita ba. Ni na san ta, astagfirullahi. Duk wanda ya san ta ya kwana a gidansa.

Cikin waɗanda aka kawo har da Tanko, mai gogen gidan, mutumin Kafin Hausa. Da hannu ya yage zana mai ci da wuta har wasu suka samu mafita. Hannunsa na hagu, wanda yake danna tsirkiya da shi, ya saɓule kamar dafaffiyar tarwaɗa.

Ƙa'idar ƙunar hannu a bayyane take. A wanke da tafasasshen ruwan gishiri, a naɗe kowane yatsa shi kaɗai da ƙyalle mai basilin, a miƙar da shi a jikin kara. In aka haɗa su aka ɗaure, sabuwar fata za ta manne su kamar ƙafar agwagwa. Na nemi ƙyalle wajen Malam Ƙasimu. Ya taɓe baki.

"A kan hannun da Allah ya riga ya hukunta? Dunƙule shi ka ɗaure, Sule. Kayan gwamnati ba na 'yan iska ba ne."

Na ce to, na yi yadda ya ce.

Ƙyallen kuwa bai yi kwantai ba. Kafin azahar masu manyan riguna suka fara sulalowa ɗai-ɗai. Wani attajirin gyaɗa ya ce butar shayi ce ta zube masa a ƙeya. A ƙeya, jama'a! Wani ya ce kaskon turaren uwargida ya taka. Ranar, duk garin nan ba butar da ba ta kife ba. Kowa aka shafa masa basilin har yana ƙyalli, ya fita tsakar gida ya leƙa majinyata, ya girgiza kai ya ce, "Ƙarshen mai saɓo ke nan." Ko sannu ba wanda ya ce musu.

Da zazzaɓi ya saki Tanko, ya dubi dunƙulen hannunsa, ya kira ni.

"Malam Sule, ban iya noma ba, ban iya kamun kifi ba. In yatsun nan suka haɗe, ka haɗa ni da bara."

Ina ta kame-kame sai ga Malam Ƙasimu yana zagaye, ya ja rawani ya rufe haɓa, ga shi kuwa ana zafin bazara. Tanko ya ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji.

"Ranka ya daɗe, ya gemun? Na ga gefensa ya kama lokacin da kake..." Sai ya yi tari. Sannan ya ce a hankali, "Ai mai goge ƙofar baya yake fuskanta. Ba fuskar da ban sani ba."

Malam Ƙasimu ya jefo mini makulli ba tare da ya dube ni ba. "Wa ya ce ka naɗe hannu haka? Jahilci! Warware shi."

Na warware. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun riga sun kama juna, ba yadda zan yi da su. Sauran na raba su, kullum da safe ina miƙar da su, ina lanƙwasawa. Tanko yana cizon hannun riga, yana zagina har kakana, ni kuwa ina karɓa, don na ci a zage ni. Har ruwa ya cika fadama ya fara janyewa muna wannan fama. Bayansa, da shi ma ya ƙone, ya warke da tabo kamar ƙirgi, wuyansa ya ɗan karkace.

Ranar sallama wani masunci da Tanko ya fitar daga wutar ya aro masa goge. Tanko ya gwada a gindin darbejiya. Sautin ya fito da ɗingishi, sannan ya miƙe. Ya ce, "Biyun da suka haɗe sun zama ɗaya mai kauri. Zan koya masa."

Da yamma Malam Ƙasimu ya ja ni gefe, gemu ya tofo, rawani ya koma mazauninsa.

"Sule, hannun ya yi kyau kuwa?" Ya waiga hagu da dama. "Ka ji inda za su kafa sabon gidan?"

Abin da zan bar muku ke nan. In an kawo muku ƙuna, ku raba yatsu tun ranar farko. Wa'azi kuwa ku bar wa masu butar shayi.