Layin da Larasati Ba Ta Rubuta Ba

Shekara goma sha ɗaya Wiryo yana kula da manhajar sayar da tikitin jirgin ruwa a Surabaya, kuma duk Alhamis sai ya kashe babbar kwamfutar ya sake kunnawa. Ya san ciwonta. Duk tambayar da ta aika wa rumbun bayanai sai ta buɗe ƙofa ta bar ta a buɗe, har ƙwaƙwalwarta ta cika, fasinjoji su yi cirko-cirko.

Layi guda ne maganin. Amma marigayiyar matarsa Larasati ce ta rubuta wannan sashe, kuma fayil ɗin yana ɗauke da sunanta da ranar da ta taɓa shi na ƙarshe. Da zarar ya gyara, sunansa zai maye nata.

"Baba Wiryo, injin nan halinka na riƙo ya ɗauko," in ji shugabarsu Dewanti, tana ajiye masa shayi. "Ko ka gyara yau, ko a kawo wani ya goge komai."

Ya daɗe yana kallon sunan, sannan ya rubuta layin. Injin ya warke. Amma har yau, duk Alhamis hannunsa kan kai kan makunnin, ya daɗe a wurin bai danna ba.