Zauna Tukuna Ta Ajiye Allura

Matan unguwa ba su san ma'aikaciyar rigakafin nan da wani suna ba sai Zauna Tukuna. Mai gadin asibitin ya ce shi ya raɗa mata, mai shara ta ce ƙarya yake yi, ita ce. Dalilin sunan ne kawai ba su taɓa gardama a kai ba. Duk uwar da aka yi wa ɗanta rigakafi, ta saɓa goyo za ta fita, sai ta ji murya daga bayan labule: "Zauna tukuna, 'yar nan." Ko tukunya kika bari a wuta sai kin ɗumama bencin nan, ta leƙa idon yaro, ta saurari numfashinsa, sannan ta sallame ki.

Tun da sassafe take goge teburinta, ta jera auduga da sirinji. Ba ta taɓa ce wa uwa allura ba ta da komai ba. "Zai ɗan yi zazzaɓi, wurin zai yi ja, ki yi ta ba shi nono. Amma in kumburi ya yi ruwa, ko kuka ya ƙi ƙarewa, ki taho ko da takalmi wari ɗaya ne." Da la'asar kuma a gan ta lungu-lungu da lemarta, tana duba hannayen da ta tsira.

A irin wannan zagaye ne wata shekara ta tarar da yara a layi ɗaya, jiki zafi rau, damtse ya tara mugunya. Duk ita ta yi musu allurar ƙyanda a makon. Kafin ta koma asibiti magana ta riga ta kai kasuwa: wai rigakafi guba ne.

Ta nufi abokin aikinta mai kula da firjin magani, wanda ake kira Sarkin Sanyi. Ya sunkuyar da kai. Ragowar kwalbar da aka riga aka haɗa da ruwa ce ya ji asarar zubarwa, ya mayar firji ta kwana, washegari ya miƙo mata.

"Yaya, mu rufa wa juna asiri," ya ce. "A ce maruru ne. Ina da iyali."

"Su ma iyalin wasu ne," ta ce.

Ta kai yaran babban asibiti, ta kai rahoto sama: shi ya ajiye, ita ta tsira ba ta tambaya ba. Sannan ta tara iyaye a rumfar asibiti. "Ba maganin ba ne, hannunmu ne. Ku zage ni, amma kada ku hana 'ya'yanku." Wata kaka ta wanke ta tas. Da ranar rigakafi ta zagayo, kakar nan ce ta fara zama a benci da jikanta, tana cewa, "Wadda ta faɗi laifinta ba za ta ɓoye na magani ba."

Yaran suka warke. Aka ja kunnen ma'aikatan biyu, aka mayar da Sarkin Sanyi wani asibiti mai nisa. Tun daga nan ko a hanya suka haɗu sai ya tuna yana da abin dubawa a wayarsa.

Zauna Tukuna, ke ce garkuwar goyo. Ke ce kika nuna mana kai rahoto ba tsegumi ba ne, riƙon amana ne, ko da a kan mai riƙon zai faɗo. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai lafiya. Ku kuma masu tasowa, in kun ga kumburi ku bi sawunsa, in kun gano ku faɗa.

A taron sallamarta daga aiki makon jiya, ana shirin tashi sai ga Sarkin Sanyi, kai ya yi furfura. Mai gadi ya tsokane shi: "Zauna tukuna mana!"

Bai yi dariya ba. "Zaman da na yi da maganar nan a raina ya isa," ya ce, ya juyo ya fuskance ta. "Yaya, ni na yi kuskure, kika ɗauki rabi a kanki, na saka miki da gaba. Ki yafe ni."