Farar Riga a Ƙwayar Ido

Daga Allah muka zo, kuma duk inda muka sa gaba wurinsa muka nufa. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Safar, Allah ya karɓi ran maƙwabcina kuma aminina, mai ɗaukar hoton nan da yara 'yan fim suke kira Likita, bayan gajeriyar jinyar ciwon ƙirji. Likitocin gaske sun yi iya yinsu, amma wa'adi ba ya sauraron kowa.

Likita, bango ɗaya ne ya raba shagona da naka tun gashin kanmu yana baƙi. Ni ina sayar da tsofaffin littattafan da ba mai karantawa, kai kana ɗaukar hoton matasan da suke so duniya ta kalle su. Ba sai an faɗi wanda ya fi ciniki a cikinmu ba. Har yau idan na ji takun ƙafa a barandarmu sai na ɗaga kai, ina jiran in ji ka ce, "Malam, an sayi ko ɗaya?" Tambayar nan ta sha ɓata mini rai. Yanzu da zan samu mai yi mini ita, da na ba shi littafi kyauta.

Sana'arka iri ɗaya ce, kuma ba ka taɓa haɗa ta da wata ba. Ba ka zuwa ɗaukar hoton biki, ba ka zuwa na taro. Hoton fuska kawai, daga kafaɗa zuwa sama, irin wanda mai neman shiga fim yake miƙa wa darakta ranar tantancewa. Na sha zama a bakin ƙofa ina kallon masu zuwa wurinka. Samari da baƙin gilashi, sun haɗe gira kamar an cinye musu gado. 'Yan mata da kwalliyar da ko iyayensu sai sun tambayi suna kafin su gane su. Sai in jiyo muryarka ta bango: "Ɗana, cire gilashin nan, darakta ba mai walda yake nema ba." Ko kuwa: "'Yata, ga ruwa can, rage rabi. Fuskarki za a ɗauka aiki, ba jakar kwalliyarki ba." Suna shiga da fushi, su fito suna duban hoton kamar yau suka fara haɗuwa da kansu.

Farar rigarka ce ta jawo maka sunan Likita. Kullum fara, kullum a goge, har na taɓa tambayarka ko tsoron Allah ne ko ƙwalisa. Ka yi dariya, ka ja ni cikin shagon, ka zaunar da ni a kan kujerar nan mara jingina. Taga ɗaya ce a ɗakin, babba, a hagun mai zama. Ka nuna mini yadda haskenta yake faɗa wa kunci ɗaya ya bar ɗayan a duhu. Sannan ka matso ta dama da rigarka, sai ga duhun ya narke. Ka ja baya, ya dawo. Ashe rigar kayan aiki ce, ita ke mayar da hasken taga kan fuskar mutum. Walƙiyar kyamara kuwa ka tsane ta, ka ce tana mayar da ɗan kirki ɓarawon akuya. Na tuna ranar da aka ɗaura auren ɗan ƙanenka, ka dawo cikin shuɗiyar babbar riga, ka tarar da mutane suna jira, ka ba su haƙuri ka ce yau babu fitila.

Kuma ba ka ɓuya a bayan kyamara. Kakan kafa ta a kan ƙafafunta, ka saita, ka koma gefe ka tsaya da igiyar dannawa a hannu, kana hira. Ka ce mutum ba ya sakar wa ƙarfe fuska, sai ɗan'uwansa mutum. Akwai wani ƙaton saurayi da ya zo yana so a ɗauke shi a matsayin mugu, ya yi ta zare ido har jijiyar wuyansa ta tashi. Ba ka hana shi ba. Ka bar shi ya gaji, sannan ka tambaye shi wa ya rene shi. Ya ce kakarsa. Ka ce wane suna take kiransa da shi in ba kowa a kusa. Kafin ya amsa fuskarsa ta riga ta amsa, ka danna. Da hoton nan aka ba shi matsayin yayan kirki a fim ɗinsa na farko, yau kuma ba ya iya ratsa kasuwa ba a tare shi ba. Shi ne ya riƙe gaban makararka, yana kuka kamar yaron goye, babu kyamara ko ɗaya a wurin.

Ni ma na taɓa zama a kujerar nan da gaske. Yawan karatu ya sa na ɗauka idan 'yan fim suka gan ni za su ba ni matsayin dattijo mai hikima. Ka ɗauke ni hoton da ya fi ni kwarjini. An kira ni sau ɗaya, na wuce ta bayan jarumi riƙe da jarida, da fim ɗin ya fito kuma aka yanke wurin. Da na zo ina ƙorafi ka ce, "Malam, hoto ya yi nasa aikin. Sauran naka ne."

Bayan an watse daga zaman makoki, uwargidanka ta aiko a kira ni. Na tarar da ita da autarku, sun baje akwatunan hotuna a tsakar ɗaki. Fuskoki ne iya ganinka, na mutanen da suka shahara da na waɗanda suka koma sayar da taya. Naka babu ko ɗaya. Wanda ke jikin katin shaidarka ne kawai, wanda aka ɗauka da walƙiyar nan da ka tsana. Ta ture shi gefe ta ce, "Wannan ba mijina ba ne." Yara sun duba wayoyinsu, abin da suka samu tafin hannunka ne, domin duk wanda ya ɗaga maka waya sai ka tare, ka ce hasken wurin bai yi ba.

Ta ce da ni, "Malam, jiya na rufe ido in ga fuskarsa, sai rigar kawai nake gani. Ni na wanke ta, ni na goge ta. Ina tsoron nan da shekara in neme shi in rasa."

Na karanta littattafai da yawa a kan haƙuri, amma ban tuna ko layi ɗaya ba. Na ce mata zan bincika, ba tare da na san inda zan dosa ba.

Washegari da la'asar ina zaune a shago, kewarka ta sa na ciro hotona na da daga aljihun tebur. Gilashin da nake duba ƙananan rubutu da shi yana kusa, na ɗora shi a kan fuskata ta cikin hoton don in ga ko da gaske na taɓa yin ƙuruciya. Da ya iso kan ido sai hannuna ya tsaya. A cikin ƙwayar idona ga tagar shagonka, 'yar mitsitsiya. A ɗaya gefen kuma ga wani farin abu a tsaye, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, hannu a ɗage. Kai ne, Likita. Duk wanda ya zauna a kujerar nan kai yake kallo lokacin da ka danna, kuma farar rigar ba ta ɓuya.

Ban ko rufe shago ba na nufi gidanka. Auta ta kunna kwamfutarka, ta riƙa buɗe hotuna tana ƙara girman idanu. Kana cikin kowanne. A idon mai fushi, a idon mai kunya, a idon ƙaton nan ɗan gatan kaka. Sai dai gaskiya fuskarka ba ta fita, tsayuwar ce kawai da hula. Uwargida ta daɗe tana kallo, ta ce, "Shi ne. Amma ya yi nisa."

Can sai ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da wani hoto a naɗe cikin ɗankwali. Nata ne, wanda ka ɗauke ta wata rana da ta kawo maka saƙo shago, ka ce hasken ranar ya yi kyau, bai kamata a bar shi ya lalace ba. Auta ta sa shi a na'urar da ke shigar da hoto cikin kwamfuta, ta ja idon har ya cika allon. Masu neman shiga fim kana tsaya musu nesa kaɗan, don ladabi. Ita kuwa ka matso har rigarka ta cika rabin idonta. Ga gemunka, ga hular da ta karkata, ga bakinka a buɗe kana dariya.

Ta sa yatsa a kan allon ta ce, "Na tuna. Cewa yake in daina hararar sa." Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, mu ma muka taya ta. Yanzu hoton idon nan, da aka wanke da girma, yana rataye a ɗakinta. Baƙi suna ganin ido ne kawai, su yi mamaki. Ita ta san wanda take gaisarwa kowace safiya.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ya yi rayuwarsa yana mayar da haske kan fuskokin bayinka, ka haskaka kabarinsa, ka yafe masa kurakuransa, ka tashe shi cikin masu fararen fuskoki. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidansa, da 'ya'yansa, da ƙannensa, da dukan waɗanda suka taɓa zama a kujerar nan mara jingina. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen. Wanda duk yake da hoton da Likita ya ɗauke shi, ya ciro shi ya dubi idonsa da kyau, sannan ya yi wa mutumin da zai gani a ciki addu'a.