Hannun Malama

Yayana mai walda ne. Tun ina 'yar firamare nake ganinsa tsugune a bakin rumfarsa, baƙin gilashi a ido, tartsatsin wuta na zuba a kan takalminsa. Ba mai magana ba ne, sai ka zuba masa zance na tsawon lokaci ya ɗaga kai kawai. Da aka shiga yayin manyan wayoyi ya sayi ɗaya don ya riƙa nuna wa masu ciniki aikinsa: ƙofofi, tagogi, gadajen ƙarfe. Yadda yake ɗaukar hoto kuwa haushi yake ba ni. Sai ya matso da wayar daf da inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, wai nan aikin yake, sauran ado ne.

Matarsa koyarwa take yi, kowa Malama yake ce mata, har shi. Ita ce bakin gidan. Bara ta yanke jiki ta faɗi a aji, ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Likitar da ke koya mata motsa jiki ta ce asibiti ya yi musu nisa, Yaya ya riƙa ɗaukar bidiyon hannun da ya shanye kullum yana tura mata ta ga ko ana samun ci gaba. Yaya ya ɗauki abin tamkar kwangila. Kowace safiya kafin ya fita sai ya shimfiɗa tawul a tebur, ya ɗora hannunta, ya kunna waya. Bai taɓa fashi ba har ranar da Allah ya karɓi abarsa.

Ban ga ya yi kuka ba. Ni ma da ake ce wa sarkin kuka, kofuna kawai na yi ta wankewa, ba na jin komai. Da masu gaisuwa suka watse ya koma rumfa ya ci gaba da yankan ƙarfe.

Sai wayar ta fara gardama. Ko me aka turo ba ya buɗuwa, sai ta rubuta wuri ya cika. Ana cikin haka 'yarsu da ke aure a nesa ta kira. An sace mata waya a tasha, duk hotunan uwarta sun tafi, tana so a turo mata ɗaya mai kyau ta wanke ta rataye a falo. Ni wayata 'yar ƙarama ce mai maɓalli, ta Malama ma haka take. Na ja Yaya muka tafi wajen mai gyaran waya.

Shagon bai fi akwatin mota ba, gilasan waya a fashe birjik, ga fanka na ta ƙara ba iska. Mai gyaran ya latsa nan ya latsa can.

"Baba, bidiyo ne suka cinye maka wuri. A share su, wayarka ta dawo sabuwa."

Na ce, "Tsaya, malam, kada ka yi mana gaggawa. Fara fitar mana da hoton matarsa."

Ya juyo da wayar yana ja da yatsa. Hannu a kan tawul. Hannu a kan tawul. Yatsu a dunƙule, yatsu sun ɗan buɗe, hannu yana matsa ƙwallo. Ko kafaɗarta ba ta fito ba, balle fuska. Muka yi ta tafiya baya har muka faɗa cikin ƙofofi da tagogi.

"Yaya, ina tsofaffin? Na ranar da yarinyar nan ta gama makaranta, da na sunan jikanku?"

Yaya ya amsa yana kallon fankar.

"A lokacin ma ta cika. Likita na jira, ita kuma Malama hannun ya gaji. Sai na goge waɗancan."

"Ka goge mutane ka bar ƙofofi?"

"Ƙofofin ana tambaya. Ita kuwa tana gida, kullum ina ganinta."

Mai gyaran ya duba inda abin da aka goge kan ɗan tsaya kafin ya ɓace, wayam. Ya duba ko wayar na ajiye kwafi a intanet, ashe ba a taɓa kunna wannan ba. Ya ce mu yi haƙuri, murya ƙasa-ƙasa.

Yaya ya miƙa yatsa mai tabon ƙuna ya nuna wani bidiyo.

"Ciro wa yarinyar hoto daga wannan. Ranar ta riƙe cokali da kanta."

Aka ciro, aka goge 'yan ƙofofi don saƙon ya samu hanya, aka tura. Bai yarda an taɓa ko bidiyo ɗaya ba. Muna fitowa bakin titi amsa ta shigo: "Baba, fuskarta nake so."

Ya karanta, ya miƙo mini wayar.

"Ke kin iya magana. Kira ta ki faɗa mata."

Na karɓa. Kafin in danna lambar na rufe ido don in tuno fuskar Malama, matar da muka yi shekara da shekaru muna faɗa muna shiryawa. Motoci suna ta wucewa. Ba abin da ya zo mini sai hannu a kan tawul.