Kaset ɗin Malam Tumba a Gonar Dawa

Da safen nan ina shirin fita aka bugo mini waya daga Yola: Malam Tumba ya rasu. Na zauna a bakin gado, takalmi ɗaya a ƙafa.

Shi ya koya mana ilimin harsuna a Mubi. Yakan goya ni a babur har Yelwa in an tashi lacca, yana tuƙi yana bayani.

Abu ɗaya ya dame shi duk rayuwarsa: yadda harshe ke haihuwa, 'ya'yan su fito da abin da uwar ba ta da shi. Yakan ce Latin ba ta da 'yar kalmar nan mai nuna abin da aka riga aka ambata, amma Faransanci da 'yan'uwansa sun samo ta daga kalmar Latin mai nufin "wancan", baki ya yi ta cin ta har ta ƙanƙance. "Kamar sabulu, Hauwa," in ji shi.

Ya yarda haka ta faru a harsunan duwatsunmu. Don ya tabbatar, shekara da shekaru yana yawo da rikoda daga Michika har ƙauyukan ƙabilar Gude, yana ɗaukar hirar tsofaffi.

Da 'yan bindiga suka shigo Mubi muka gudu, ya bar kwalayen kaset a gidansa na Sabon Layi.

Wallahi ba su ne suka taɓa kaset ɗin ba. Maƙwabcinsa ne, wanda suke cin tuwo kwano ɗaya, ya fasa ƙofa. Ya kwashe katifa da janareta, kaset ɗin kuma ya zazzare zarensu ya ɗaɗɗaura a gonar dawarsa don korar tsuntsaye.

Na gani da idona bayan mun dawo. Tsofaffin nan yawancinsu sun mutu, ga muryarsu tana reto a jikin kara.

Ganina da Malam na ƙarshe a Yola, ya rame ƙwarai. Ya ce, "'Yata, ko guda ɗaya ya tsira?" Na faɗa masa gaskiya. Sai ya ce, "To, dawar ta yi kyau?"

Bai ƙara yi wa kowa zancen harshe ba.

Yanzu kuma an ce maƙwabcin nan ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Malam na Sabon Layi, shi ke karɓar gaisuwa, har da share hawaye. Tir! Ni kam ƙafata ba za ta taka tabarmar nan ba.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya saka maka wahalar da ka sha. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a, ya haɗa da tsofaffin da babu mai sake jin muryarsu.