Ƙarafa Biyar na Chuwang

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, Becky ta bugo mini waya daga Beltsville ta ce mijinta Chuwang ya rasu. Shekara talatin ke nan da sanina da kai, abokina.

Aikin jinya ya kawo ka Amurka, amma an fi saninka da kiɗan jaz, a kan abin kiɗan nan mai jerin ƙarafa da ake bugawa da sanduna. Lokacin da aka yi mini aikin gwiwa, mako shida kana zuwa gidana a Greenbelt kana wanke mini ciwo, ina gyara maka yadda ake naɗa bandeji, kana dariya.

Faifai ɗaya tak ka fitar. Masu sharhi sun yaba hannunka, sai guda ya rubuta cewa ƙarafa biyar ba su kan daidai. Ni da na yi ritaya a aikin awo, na ɗauko na'ura na gwada, na tarar da gaskiyarsa. Har takarda na kawo maka da alƙaluma. Ka karanta, ka ce, "Yaya, awonka daidai ne." Ka zuba mini shayi. Ban tambaye ka dalili ba, domin na ɗauka sakaci ne.

A zaman makoki Becky ta nemi shawarata. Kamfanin da ya buga faifan zai sake fitar da shi, yana son ta yarda a daidaita sautin da kwamfuta. Ta kai ni ɗakin da kake gwaji. Can na ga tsohon kundung na mahaifinka, abin kiɗan gargajiya mai kama da naka amma na katako da ƙahonin shanu, wanda ka zo da shi daga Filato. Na juya ƙarafan nan biyar na abin kiɗanka, sai ga sawun zarto a cikinsu. Na auna kundung ɗin, sai sautin kowane ƙarfe cikin biyar ɗin ya faɗa kan ɗan'uwansa na kundung. Ashe da hannunka ka goge su.

Me ya sa biyar, ba duka ba? Me ya hana ka amsa wa mai sharhin? Ka yi jiran in tambaya ne?

Na ce wa Becky kada ta sa hannu, kuma ba ta sa ba. Wannan ne karo na farko da na hana a gyara abu.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya ba ka hutawa. Ya ba Becky da 'yarku Debbie da dangi na gida haƙurin wannan rashi. Amin.